Ni da 'Yar Ruga a Gonar Gwaggo

Shekarar da aka kwantar da Ummana a asibiti a Zariya aka yi mata aiki, sai aka rarraba mu gidajen dangi. Ƙannena aka kai su wurin kakarmu a cikin garin Funtua. Ni kuwa da nake babba, ina 'yar shekara goma sha biyar, Abba ya ce in tafi ƙauye wurin yayarsa in yi dogon hutu a can. Na yi kuka, na ce a bar ni gidan Kaka tare da ƙannena. Ya ce ɗakin Kaka ba zai ɗauke mu duka ba, kuma Gwaggo ta daɗe tana roƙon a ba ta ni, ko na hutu ɗaya ne. Washegari ya sa ni a motar Bakori, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ta wata siririyar hanya, masara ta rufe ta hagu da dama, ganye na dukan ƙafafuna har muka isa.

Gwaggo ba irin matan da na saba gani ba ce. Mijinta ya rasu ya bar mata gona babba a bayan gari, 'ya'yanta maza duk sun tafi birni neman na kansu, an yi an yi da ita ta ba da gonar haya ta zauna ta huta, ta ce ba ta ga dalili ba. Ita ke tsayawa a kan masu huɗa, ita ke zuwa Bakori ta sayo taki, ita ke ɗaukar 'yan ƙwadago ta sallame su. In za ta gona takan ɗaure hijabinta a ƙugu, ta zura takalman roba na marigayi waɗanda suka yi mata yawa, tana tafe suna ƙara.

Kwana ɗaya ta ba ni na baƙunta. Rana ta biyu, ana idar da sallar asuba ta leƙo ɗaki.

"Tashi, ɗiyata. Nan ba a zaman ɗaki da damina."

"Gwaggo, ni fa ban iya komai ba."

"Ai shi ya sa za ki je."

Lokacin zuba taki na biyu ne, masara ta kai ƙugu. Aikin na 'yan mata ne, kuma bibiyu ake yinsa. Ɗaya tana gaba da sanda mai tsini tana huda ƙasa a gindin kowace masara, ɗaya tana biye da ƙaramin bokiti, ta ɗebi taki da murfin kwalba ta zuba a ramin, ta take da ƙafa. Haka za a bi kunya har ƙarshenta, a juyo a kama ta gaba. 'Yan matan garin sun san juna tun suna goye, kafin Gwaggo ta rufe baki kowace ta kama hannun ƙawarta. Na tsaya ina raba ido da sabon siket ɗina da silifas mai fure. Ɗaya daga cikinsu ta dubi ƙafata ta ce wa ta kusa da ita, "'Yar birni biki ta zo." Suka kwashe da dariya.

Mutum ɗaya ta rage ban da ni. Wata doguwa ce siririya, tana tsaye ita kaɗai a gindin ɗorawa, ta naɗe zanenta sama da ƙwauri, idonta na ƙasa. Gwaggo ta yafito ta.

"Zo nan, 'yar Baffa. Ga abokiyar aikinki. Ke ki riƙe sanda, ita ta riƙe bokiti."

Ta dube ni sau ɗaya, tun daga kai har silifas, ta ɗauki sanda ta wuce gaba. Ranar har aka tashi ba ta ce da ni uffan ba. Sauri take yi kamar ana korarta, ta yi nisa ta bar ni ina lissafin ramuka, in ta kai ƙarshen kunya ta tsaya ta juya mini baya har in iso. Ganyen masara ya yanyanke mini hannuwa, taki ya shiga yankan yana zogi, bayana ya riƙe. Da aka kawo abincin rana, 'yan matan gari suka kewaye tire ɗaya, ni na zauna kusa da Gwaggo, ita kuma ta ɗebi nata a murfin kwano ta koma gindin ɗorawarta.

Da yamma ina gasa bayana da ruwan zafi na ce wa Gwaggo ta canza mini abokiya, wannan ba ta sona.

Gwaggo ta ce, "Ba ke ce ba ta so ba. Gonar ce ba ta so."

Sai ta ba ni labarinta. Fulanin rugar da ke ƙetaren rafi ne, sun daɗe a wurin, tun kafin a haifi Abbana. A da garkensu ne ke kwana a gonar mijin Gwaggo da rani, shanu su ci kara su bar taki, da kaka a kai musu damin dawa. Bara da rani ɓarayi suka zo suka kore garken kaf. Saniya ɗaya ce ta kuɓuce ta dawo gida da kanta bayan kwanaki, da sara a cinya. Uwar yarinyar ta daɗe da rasuwa, kakarta ce ta rene ta. Yanzu ubanta yana bin kasuwanni yana dillancin awaki, ita kuma da ta tashi tana tallan nono da ƙwarya a kai, ta koma ƙwadago a gonar mutane.

"A wurinsu abin kunya ne," in ji Gwaggo. "Ki yi haƙuri da ita."

Na yi haƙurin, amma shirun bai kau ba sai ranar da na tara wa kaina jama'a. Muna tsakiyar gona na ji wani abu mai sanyi yana hawa ƙwaurina. Na duba na ga baƙin abu dogo yana tafiya, na yi jifa da bokiti na kurma ihu, "Maciji! Wayyo Gwaggo, maciji!" 'Yan mata suka watse, wasu har da faɗuwa, Gwaggo ta taho a guje da fartanya, takalmanta na faf-faf. Abokiyar aikina ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta dawo ta sunkuya ta duba ƙafata, ta tsinki ganye ta ɗauke abin, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Ƙadandoniya ce, ta naɗe kanta kamar gammo don tsoro.

Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Ta yi dariya har ta zauna daɓas a kan kunya, ta riƙe ciki, hawaye na zuba. Da ta sami numfashi ta ce, "Ke a garinku ba a damina ne?"

"Ana yi. Amma ba ta hawa mutane."

Ta sake fashewa. Ni ma da kunya ta sake ni na taya ta. Daga ranar ta rage sauri. Takan huda rami uku ta jira ni, in na gaji ta karɓi bokitin ta ba ni sanda. Washegari ta zo da man shanu ɗan kaɗan a gwangwanin tumatir, ta miƙa mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce in riƙa shafawa a hannu kafin in taɓa taki. Sai daga baya na gane cewa a gidan da babu saniyar tatsa, wannan ɗan man ba ƙaramin abu ba ne. Kakarta ce ta samo shi a wata ruga, na miya.

Na yi zaton zan ji Hausarta a karkace, ashe ta fi ni iyawa. Ta ce Fulatancin da ta sani na kiran shanu ne da na faɗan kakarta. Tambayoyinta ba sa ƙarewa. Da gaske ne a makarantar kwana kowa da gadonsa? Wa yake yi muku kitso? In jirgin ƙasa zai wuce ta Funtua, ƙasa na girgiza? Ni kuma in tambaye ta yadda ake gane saniya a cikin garke, ta ce yadda nake gane ƙannena a cikin yaran unguwa. Ta riƙa lissafa mini shanunsu da aka kore, da kamanninsu da halinsu: wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai kakarta, wadda ke satar gishiri, bijimin da ke tsoron kaji. Tana faɗa tana huda ƙasa, ba ta juyowa. Na koma cin abincina a gindin ɗorawa.

Abin da ya ƙara haɗa mu keke ne. Marigayi mijin Gwaggo ya bar wani tsohon baƙin keke a zaure, ƙura ta rufe shi. Ni kuwa na iya tuƙi, a keken yayan wata maƙwabciyarmu na koya a layinmu. Na roƙi Gwaggo, ta sa aka liƙe tayoyin aka zuba wa sarƙar mai, ta ce to, daga yau ni ce mai komawa gida in ɗauko abincin rana. Ranar farko da na shigo gona a kan keke, da kwanon dambu ɗaure a baya, 'yan matan gari suka bi ni da kallo, babu wadda ta ambaci silifas. Ƙawata kuwa ta zagaya keken, ta matsa birki, ta juya feda da hannu tana kallon yadda tayar baya ke gudu.

"Mace ma na hawa?"

"Ga shi kin gani."

"Da wuya?"

"Bai kai zuba taki ba."

Kullum in an tashi aiki takan tsaya ta tattara ciyawar da aka cire, ta ɗaure dami guda ta kai wa saniyarsu, wadda a lokacin cikinta ya tsufa. Sai muka mai da wannan lokacin na koyon keke. Akwai wani burtali a bayan gonar, hanyar shanu ce ta da, yanzu ba mai binta sai jefi-jefi. Nan nake riƙe mata sirdi ina gudu a bayanta, ita kuma ta ƙanƙame kan keken kamar za ta karya shi, tana salati. Ta faɗa cikin tafasa, ta faɗa cikin kwatami, sau ɗaya ta nufi jakin wani tsoho kai tsaye tana yi masa tsawa ya kauce, jakin ya tsaya yana kallonta har ta kife a gabansa. Ba ta taɓa cewa ta fasa ba. Ta tashi ta karkaɗe zane ta ce, "Riƙe mini." Ranar da na saki sirdin ba ta sani ba, ta yi nisa tana ta yi mini magana, sai da ta ji shiru ta waiwaya ta hango ni can baya ina tsalle. Ta yi ihu, ta ci gaba da tafiya har ta ɓace a kwana. Da ta dawo tana haki ta ce, "Ashe haka iska take."

Ba kullum ne daɗi ba. Bayan an gama taki aka koma tsinkar barkono, a lokacin ne labari ya zo cewa an sace shanun huɗa na wani mutum a ƙauyen da ke gaba da namu. Ranar kowa maganar yake yi. Muna cin abinci sai babbar cikin 'yan matan gari, wadda ta fi kowa baki, ta ɗaga murya yadda za mu ji daga gindin ɗorawa.

"Ai ba sai an je nesa ba. A tambayi na cikinmu, su suka san hanyar daji."

Ƙawata ta ajiye lomar da ta ɗauka. Ta miƙe, ta taka har gaban tiren, muryarta ba ta ko rawa.

"Da mun san hanyar, da namu muka fara bi."

Ta juya ta kama hanyar burtali. Na ɗauki kwanonmu na bi ta, na same ta zaune a kan wani dutse, ba kuka take ba, ƙasa kawai take tona da tsinke. Na zauna kusa da ita, na ajiye kwanon a tsakaninmu. Sai ta ce, "Har gidansu nake kai nono a da. Uwarta takan ba ni ƙanzo." Can ta sa hannu muka cinye dambun.

Gwaggo ba ta wurin lokacin, amma kafin magariba labari ya kai mata. Da safe ta tara mu kafin a shiga gona. Ta ce ita ta san uban yarinyar nan tun yana saurayi, yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar mijinta, kuma duk wadda ta ga ba za ta iya riƙe bakinta ba, gonaki sun yi yawa a garin nan. Daga ranar ta hana a raba abinci, ta ce tire ɗaya kowa zai ci. Ba zan ce sun zama ƙawaye ba. Mai bakin nan har na bar garin ba ta ba da haƙuri ba. Amma biyu daga cikinsu sun fara tsayawa da yamma suna kallon koyon keke, daga baya ma suka ce a ɗana su.

Ranar da ba na mantawa ranar kasuwar Bakori ce, a tsakiyar marka. Tun hantsi gari ya lumshe, Gwaggo ta sallame mu da wuri. Ƙawata ta ce hankalinta na gida, saniyar tun asuba ta ƙi cin komai, sai kwanciya take tana tashi. Na ce ta ɗora ciyawar a keke in raka ta, mu yi sauri. Ban taɓa zuwa rugarsu ba. Muka tura keken ta cikin rafi, ruwan iya idon sawu, muka haura. Ba mu kai ga bukkokin ba aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Rugar ta ba ni tausayi. Fili ne babba da turaku a jere, ciyawa ta fito a tsakaninsu, babu komai a ɗaure. Can gefe ƙarƙashin wata rumfar kara muka hango kakarta durƙushe a cikin taɓo, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, jiƙe sharkaf, tana shafa wuyan saniyar tana yi mata magana. Saniyar na kwance a gefe ɗaya tana nishi. Ƙafafun ɗan biyu sun leƙo, da ɗan bakin hanci, amma sun tsaya a nan. Baffa ya tafi kasuwa, sauran mazan rugar ma haka, ga rafi ya fara kawowa, muna jin rurinsa.

Tsohuwa ta yi wa jikarta magana da Fulatanci da sauri-sauri, sannan ta dube ni ta juya harshe.

"'Yar nan, kina da ƙarfi?"

"Inna, ban taɓa ba."

"Ban tambaye ki ko kin taɓa ba. Hannuna ne ya mutu. Zo ki kama."

Ta ɗaure ƙafafun da igiya mai laushi, ta ba mu bakin igiyar, ta ce kada mu ja sai ta ce, in saniya ta yi yunƙuri mu ja ƙasa-ƙasa, in ta huta mu ma mu huta. Ƙawata na gaba, ina bayanta, ƙafafunmu na zamewa a taɓo. Tsohuwa ta ce, "Ku ja!" Muka ja. "Ku tsaya." Muka tsaya, ruwa na zuba ta rumfar yana bin bayanmu. Ban san sau nawa muka yi haka ba. Igiya ta ci tafin hannuna, ina jin ƙawata tana karanto duk addu'ar da ta sani, tana haɗawa da kiran saniyar da sunan da suke kiranta. Kan ya fito, da harshe waje, na ce a raina ya mutu. Tsohuwa ta ce mu ƙara, kada mu saki yanzu. Muka tattara abin da ya rage mana muka ja, sai kawai muka ji igiya ta saki, muka zube da baya a cikin taɓo, abu mai ɗumi da santsi ya biyo mu har kan ƙafafunmu.

Ba ya motsi. Tsohuwa ta rarrafo, ta sa yatsu ta kwashe majinar bakinsa da hancinsa, ta murza ƙirjinsa da tsumma, ta zari tsinken ciyawa ta soka masa a hanci. Shiru. Ta sake sokawa. Sai ya yi atishawa, ya girgiza kunnuwa, ya buɗe ido. Saniyar ta yunƙura ta miƙe, ta juyo ta fara lasarsa tana wani gurnani a hankali. Tsohuwa ta ɗaga ƙafarsa ta baya ta duba.

"Mace ce," ta ce. Ta maimaita da Fulatanci, ta zauna a cikin taɓon nan ta rufe fuska da gefen zanenta.

Ƙawata ta rungume ni, duk jikinmu jini da taɓo, muna dariya muna kuka, ba mu san wanne ya fi yawa ba. Da ruwa ya tsagaita tsohuwa ta hura wuta a bukka, ta ba ni zanenta na saƙi na ɗaura, ta shanya kayana a bakin murhu. Muka zauna a ƙofa muna kallon maraƙar tana ƙoƙarin tsayuwa, ta miƙe da ƙafafun baya ta kife da baki, ta sake. Ƙawata ta ce, "Irin hawan kekena take yi."

Bayan la'asar Baffa ya dawo, ya zagayo ta gada mai nisa saboda rafi. Dogo ne mai 'yar furfura, da sanda a kafaɗa duk da ba abin da zai kora. Ya tsaya ya duba maraƙar, sannan ya juyo ya ce da ni, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya tashi kafaɗun mahaifiyarki." Ashe ƙawata ta gaya musu Ummana na asibiti. Da ruwan rafin ya ja baya, ya ɗora keken a kai, ya riƙe hannuna muka ƙetare, ruwan har ƙuguna. A ɗaya gaɓar muka tarar da Gwaggo, ta kifa buhun taki a kai, ta zo nemana, fuskar nan a murtuke. Ta buɗe baki za ta fara, Baffa ya riga ta.

"Hajiya, a yi mana afuwa. Yau ɗiyarki ta karɓi haihuwa."

Gwaggo ta dube ni ta dube shi. "Saniyar ta sauka?"

"Ta sauka. Mace."

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo, faɗan ya bi ruwa. A hanya dai ta ja mini kunne, ta ce ko sarauniya ce ke naƙuda, in ƙara ƙetare rafi da hadari a sama in gani. Washegari ƙawata ta zo gona da dakashi a 'yar ƙwarya, wato nonon farko da aka dafa ya daskare kamar wainar ƙwai, ta ce Inna ta ce rabona ne, maraƙa ta sha ta rage mini. Na ɗiba na miƙa wa sauran 'yan matan, har mai baki ta sa hannu.

Hutu ya ƙare daidai lokacin da masara ta bushe gemu aka fara karyar ta fari. Muka yi kwanaki muna gasa ɗanya a bakin gona, baki duk baƙin gawayi. Sai ga saƙon Abba cewa an sallamo Umma, zai zo ya ɗauke ni. Na yi murna, sai dai ban so rabuwa da ƙawata ba. Ana gobe zan tafi ƙawata ta zo gidan Gwaggo, karo na farko da ta shiga har tsakar gida, ta ce in kwance kaina. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi mini kitson Fulani, mai doka a tsakiya da jela biyu a gefen kunne. Hannunta da zafi, ina ta "wash", tana dungure mini kai tana cewa wadda ta jawo maraƙa ba ta raki. Ba mu yi maganar tafiyar ba ko kaɗan. Da ta gama ta ce, "In kin koma kya manta da mu." Na ce ba zan manta ba. Ta ce, "To, mu gani." A makaranta kwana biyu kawai kitson ya yi, uwar ɗakinmu ta ce ba ya cikin ka'ida, na tsefe shi ina ƙunƙuni.

Na koma ƙauyen a hutun damina biyu da suka biyo baya, wannan karon ni na roƙa. A na biyun na tarar ana ɗaure kaya a rugar. Zama ya yi wuya a yankin, dangin Baffa da ke kudu, wajen Nasarawa, sun ce su taho. Gwaggo ta yi ta ba shi baki, ya ce ba don kansa ba ne, don tsohuwa da yarinya ne. Lokacin ba ni da waya, ita ma ba ta da ita. Na ci gaba da karatu, na yi aure a Funtua, na haihu. Lokaci-lokaci Gwaggo kan ce ta ji labarinsu a bakin masu zuwa kasuwa: tsohuwa ta rasu, ƙawata ta yi aure, suna lafiya. Daga baya labarin ma ya yanke.

Bara waccan Gwaggo ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Muna zaman makoki, ina tsakar gida ina tuƙa tuwon baƙi, hayaƙi ya cika mini ido, sai na ji an yi sallama an ce, "Kawo muciyar, ba haka ake yi ba." Na ɗago, sai ga ƙawata 'yar ruga. Ta yi jiki, ta yi duhu, da goyo a bayanta da wata 'yar budurwa tana riƙe da jakarta. Kwana ta yi a mota. Wani direba ɗan garin ne ya kai musu labarin rasuwar, ta ce wa mijinta ko da ƙafa ne sai ta zo. Na saki muciyar na faɗa jikinta, matan da ke wurin suka yi ta tambayar ko wace ce.

Kwana biyu ta yi. Ba mu sami zama irin na da ba, baƙi sun yi yawa, hirarmu duk a bakin murhu muka yi ta, ana yanka albasa ana wanke kwanuka. Ta ce Baffa ya tsufa amma yana nan, sun ɗan tara abin kiwo, 'yarta ta fari tana makarantar kwana kuma wai malamar asibiti take son zama. Ta sa 'yar ta rubuta lambata a wayarta, don ita har yanzu ba ta karatun boko.

Yanzu takan kira ni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. A inda suke sai an hau wani tudu ake samun layi, shi ma yana yankewa. Rabin hirar "kina ji na?" ne. Takan tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ko an yi ruwa a Funtua, ni ma in tambayi nasu. Makon jiya ta ce an yi musu mai yawa har ya kwantar da dawa, tana cikin ba ni labarin yadda suka tayar da ita layin ya ɗauke.